Fiyanon da Gulbi Ya Shiga

Kowa a makarantarmu ya yarda cewa ni na zaɓi fiyanon nan. Malamai sun yarda, iyayen yara sun yarda, har mai awarar bakin ƙofa ta taɓa tare ni ta ce, "Ke ce anka ce kin sa Hajiya ta sayi gawa?" To ƙarya ne. Ban zaɓa ba, ban yaba ba, ban ce a saya ba. An ce in danna, na danna. Sauran duk manya ne suka yi abinsu, da hankalinsu da furfurarsu, amma da abin ya lalace sai aka duba wa ya fi kowa ƙanƙanta, aka aza mini.

Ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata makarantar kuɗi a Birnin Kebbi. Mai makarantar Hajiya muke ce mata, mace ce mai ƙoƙari, ba zan hana ta wannan ba, amma idan ta ga wata ta fi ta da wani abu ba ta ƙara samun sukuni. Makarantar da ke bayanmu ta sayo abin kiɗa na lantarki, yaransu na waƙar taron safe da shi, mu kuma tafi kawai muke yi. Sai Hajiya ta ce ita ba na roba take so ba, na katako take so, dogo, irin wanda ake jinginawa da bango, wanda uba zai shigo biyan kuɗin makaranta ya gani ya san inda ya kawo ɗansa.

Laifina na farko shi ne bakina. Ranar da aka ɗauke ni aiki na ce na iya fiyano kaɗan. Gaskiya ce kuma. A makarantar kwana da na yi akwai wani tsohon fiyano a ɗakin taro, ni ke share ɗakin, malamar da ke kula da shi ta ga ina yawan leƙawa ta koya mini. Waƙa ɗaya na iya daga farko har ƙarshe, sai guntaye. Amma na sha tsayawa a kan mai gyara idan ya zo, don haka na san abin da ke ciki: wayoyin ƙarfe a ɗaure tamau, ƙusoshin da ke riƙe da su, da 'yan guduma masu kan ulu da ke bugun wayoyin idan an danna fararen nan da baƙaƙen nan da muke kira haƙora. Iyakar sanina ke nan. A makarantar Hajiya kuwa, wannan ya mayar da ni shehiya.

Labari ya zo cewa akwai fiyano a Argungu, a gidan wani tsohon hedimasta da ya rasu. Tun yana aiki ya saye shi a gwanjon kayan kwalejin da ya koyar, yanzu magada na son rabuwa da shi. Ranar Asabar da safe muka kama hanya mu uku: Hajiya, da ni, da yayanta kafinta, wanda ke yi mana bencuna, duk makarantar Kawu muke kiransa.

Tun kafin mu fita gari Hajiya ta juyo ta ja mini kunne. "Ki ji ni da kyau. Gidan ga da za mu, kwanan nan anka yi arba'in. Kayan gado na, akwai marayu ciki. Ba a kushe kayan mamaci gaban iyalinai. Na san bakinki."

Na ce, "To Hajiya, in ba a kushewa, mi za mu je dubi?"

Kawu ya yi dariya. "Ke naki dannawa. Dubi namu na."

Gidan yana ƙasa-ƙasa, ta wajen gulbi, inda ake jin ƙarnin kifi tun daga bakin lungu. Matar marigayin ta tarbe mu, tsohuwa siririya mai sanyin murya, tana cikin takaba. Muka yi gaisuwa, aka yi addu'a, aka kawo ruwa. Sannan ta kai mu wani ɗaki da ke gefen zaure. Rabin ɗakin buhunan shinkafa ne har kusa da rufi. A ɗaya rabin ga shi nan tsaye, baƙi-baƙi mai ja, yana ƙyalli, an goge shi saboda zuwanmu.

Ni ɗiyar Zauro ce. A fadama aka haife ni, cikin gonar shinkafa na yi wayo. Ina sa ƙafa cikin ɗakin hancina ya gaya mini wani abu, irin warin nan na ɗaki da ruwa ya taɓa kwana a ciki, wanda ko an yi shekara ana turare ba ya fita. Amma an ce mini nawa dannawa ne.

Kawu ya naɗe hannun riga. Ya ƙwanƙwasa gefe da bayan yatsa ya kara kunne. Ya karce wani lungu da farce ya shinshina. Ya zagaya baya ya shafa ginshiƙan. Sai ya sa kafaɗa ya gwada turawa, abin ko gezau. Nan fa fuskarsa ta washe.

"Hajiya, kin ga nauyi? Nauyi shi ne kuɗi. Wanga katako ba a yin irinai yanzu. Gara in ta zo nan sai ta koma gida da ciwon haƙori."

Wallahi da gadon amarya muka zo saye, da ban ce komai ba. Mutumin nan minti ashirin yana duba abin kiɗa, bai ɗaga murfin ya ga cikinsa ba ko sau ɗaya. Hajiya kuwa tana tsaye tana gyara ɗaurin kallabinta a jikin ƙyallin.

Sai aka ce, "Malama, bisimilla."

A nan ne laifina na biyu, kuma shi kaɗai nake amsawa. Abin da ya kamata in yi na san shi: in fara daga haƙorin farko na hagu in bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe. Amma ga Hajiya, ga Kawu da ya raina ni tun a mota, ga matan gida sun taru a bakin ƙofa. Na so a san na iya. Sai na zauna na buga waƙar nan tawa guda ɗaya. Ita kuwa duk tsawonta haƙora tara take bukata, na tsakiya, kuma cikin ikon Allah su taran nan suna da sauran rai. Muryar ta ɗan dushe, amma waƙa ta fito.

Ban kai ƙarshe ba na ji shessheka. Tsohuwar ce ta rufe fuska da mayafi. Ta ce tun da Malam ya kwanta ciwo ba a ƙara jin muryar abin nan a gidan ba, sai yau. Matan bakin ƙofa suka kama salati. Hajiya ma ta share ido. Ni da kaina jikina ya yi sanyi, amma na lura a daidai lokacin ciniki ya ƙare tun ba a fara ba.

Na miƙa hannu hagu don in gwada sauran. Na danna ɗaya ya nutse bai dawo ba. Na danna na kusa da shi, ya yi ƙara kamar an jefa cokali cikin tukunya. Kafin in kai na uku Kawu ya sauke murfi, saura kaɗan ya datse mini yatsu.

"Ya isa. Mun ji."

Raina ya ɓaci. Na durƙusa ƙasa, na laluba ƙarfen da ke riƙe da allon ƙasa, wanda ke saman ƙarafan da ake takawa da ƙafa, na danna, allon ya faɗo hannuna. Abin da na gani ba sai an yi karatu ba. Layi ne a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, ƙasansa busasshiyar laka, samansa katako mai tsabta. Irin layin da ke jikin ƙofar ɗakin innata, irin wanda ke jikin kowane rumbu a ƙauyenmu. Wayoyin daga layin zuwa ƙasa sun yi jajir da tsatsa. A lungu kuma ga tarin ɓuntun shinkafa da guntayen ulu, ɓeraye sun yi gida sun yi haihuwa sun tashi.

Ni ban iya rufa-rufa ba. Na ce da ƙarfi, "Gulbi ya shiga cikin abin ga."

Hajiya ta matse mini naman hannu da farce, har yau ina jin wurin.

Abin da ke ƙona mini rai idan na tuna shi ne, tsohuwar nan ba ta ɓoye komai ba. Ta goge ido ta ce, "Gaskiya ta hwaɗi, ɗiyata. Shekarar da ruwa yas shigo unguwa, har gwiwa yak kai cikin ɗakin ga. Kwana ukku. Mun hid da shinkafa, shi ko mun kasa ɗaukatai. Malam ya yi kuka ranan nan." Ga mai kaya da bakinta tana gaya musu. Ba wanda ya cuce mu. Da ƙafarmu muka zo, da kunnenmu muka ji.

Kawu ya gyara murya ya ce, "Inna, wanga ba komi na ba. Kwalekwale kullum cikin ruwa shike kwana, kin taɓa jin ya mutu? Katako na ƙwarai ruwa ƙara mishi ƙarhi shikai."

Na ce, "Kawu, kwalekwale ba shi da waya ciki."

"Ke, hita waje ki jira mu."

Na fita. Ina tsaye a zaure ina jin Hajiya tana cewa ba za ta rage ko kwabo daga abin da magada suka faɗa ba, dukiyar marayu ce. Ni ban ƙi a taimaki marayu ba. Da ta ce, "Ga wannan sadaka, Allah Ya ji ƙan Malam," da na fi kowa cewa amin. Amma a kira sadaka da sunanta. Kada a ba da sadaka a dawo gida ana cewa an yi ciniki mai kyau.

Ƙarti takwas suka ɗora shi a akori-kura. Duk ramin da muka faɗa a hanya sai ya yi gurnani daga baya, Kawu na cewa, "Kun ji? Da ranshi."

Aka kafa shi a ɗakin taro. Ranar Lahadi ba na zuwa makaranta, kuma da na san abin da za a yi da na kwana a bakin ƙofa. Litinin da safe na shiga na ji warin gareji. Na ɗaga murfin sama. Kawu ya zo da galan ɗin baƙin mai da gashin kaza, ya bi wayoyin nan ɗaya-ɗaya ya shafe, ya bi ƙusoshin da ke riƙe da su ya ɗiga wa kowanne har yana tsiyaya. Aikin yini guda, da zuciya ɗaya.

Na same shi a bayan aji yana feƙe ƙafar benci. Na ce, "Kawu, wa yac ce ka sa mai?"

Bai ɗago ba. "Ba ke kic ce akwai tsatsa ba? Maganin tsatsa mi ne?"

"Ƙusoshin nan cije katako suke yi, shi ke riƙe da waya. In sun sha mai, sulɓewa za su yi!"

"Keken ɗinki ana sa mishi mai. Injin niƙa ana sa mishi mai. Babur ana sa mishi mai. Shi wanga ɗan gidan wa ne?" Ya hure ƙurar katako. "Tun ba a haihe ki ba nike aikin hannu."

Na je wurin Hajiya. Ta ce in bar ganin kaina, yayanta ne, kuma kyauta ya yi.

Sati biyu ya ɗauka. Kullum da safe muryar na ƙara zamewa ƙasa, kowane haƙori da nasa gudun. Har taran nan nawa suka bi sahu. Ranar da Hajiya ta gayyaci iyaye su zo su ga sabon abu, na zauna na fara waƙar nan tawa da muka mayar ta taron safe, abin da ya fito sai ka ce kwaɗin fadama bayan ruwan farko. Yara suka yi ƙoƙari, suka bi ni layi ɗaya, sai wata 'yar ajina ta tuntsire da dariya, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Iyaye na rufe baki da hula da gyale. Ni ce a zaune a gaba, ni ake kallo. Ba wanda ya san Kawu, ba wanda ya ga laka. Abin da suka gani malama ce da ta ce ta iya.

Da ƙyar aka samo mai gyara, wani dattijo daga Kaduna da ya zo aiki Sakkwato, aka roƙe shi ya ƙaraso. Ya buɗe sama, ya buɗe ƙasa, ya daɗe yana kallo. Ya sa ƙarfen gyaransa a ƙusa ɗaya ya murɗa har waya ta yi daidai, ya saki. Muna kallo ƙusar ta juya da kanta ta koma inda take. Ya gwada ta biyu, haka. Ya shafa yatsa ya shinshina.

Da Hausarsa ta 'yan kudu ya ce, "Wane ne ya sa mai?"

Kawu na tsaye a wurin. Ya kama duban rufi kamar an ce masa yana yoyo. Na jira. Na ba shi lokaci, don babba ne. Sai Hajiya ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ita ce dai ke kula da shi."

Ban san sanda na ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah!" ba. Ta ce in fita. Wannan karon ban fita ba.

Dattijon ya ce ruwa ya kashe rabi, mai ya ƙarasa sauran. Da ba a sa man ba, da zai iya canja wayoyin ƙasa a lallaɓa shekara biyu ko uku. Yanzu katakon da ke riƙe da ƙusoshin ya sha, ba ya fita, kuma canja shi ya fi sayen wani tsada. Hajiya ta tambaye shi to yanzu mene ne darajarsa. Ya ƙwanƙwasa gefen ya ce, "Wannan jiki. Katako mai kyau ne. Shi ke nan."

Kun san abin da Kawu ya ce? Ya sauko da idonsa daga rufi ya ce, "Ban hwaɗi ba? Tun Argungu nic ce katako na ƙwarai na!"

Daga ranar labari ya kama hanyarsa. A ofishin malamai, ni ce na buga waƙa har na sa tsohuwa kuka don a saya. A bakin iyaye, ni ce ban iya ba na ɓata abu mai tsada. Wani ma cewa ya yi an ba ni la'ada a Argungu. Ni da ko ruwan da aka kawo ban sha ba. Ba mai cewa yayan Hajiya, don yayan Hajiya ne. Ba mai cewa Hajiya, don ita ke biyan albashi. Ba mai cewa tsohuwa, kuma daidai ne, ba ta da laifi. Saura wa?

Duk wannan da na haɗiye. Na saba, bakin mutane ba ya hana ni cin tuwo. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru shekaranjiya.

Hajiya ta kira ni ofis, da fara'a, har da ba ni kujera. Ta ce wani bawan Allah zai buɗe makaranta a Augie, manomin albasa ne da Allah Ya buɗa masa, yana son yaran garinsu su samu abin da na birni ke samu. Ya ji muna da fiyano, zai zo ranar Asabar ya gani. Ashe kafin dattijon nan ya tafi ta sa ya cusa wa ƙusoshin tsakiya wani abu da zai riƙe su na 'yan kwanaki, ya kuma gaya mata ba zai daɗe ba. Kawu ya riga ya kankare layin lakar, ya shafa fenti, ya buga wa allon ƙasa ƙusa huɗu don kada ya ƙara buɗuwa.

Ta ce, "Ke dai waƙag ga taki za ki buga. Wadda kib buga Argungu. Kak ki wuce nan, kak ki wuce can."

Na ce, "Hajiya, shi ma in ya kai gida ya zame hwa?"

"Mu da munka saya, wa yat tausaya muna?"

"An gaya muna gaskiya. Tsohuwa da bakinta tag gaya muna."

Fara'ar ta ɗauke. Ta ce ta yi haƙuri da ni da yawa, asarar nan ta dalilina ce ko ban yarda ba, kuma wannan ce damar da zan wanke kaina. In na yi, magana ta mutu. In ban yi ba, ƙarshen zango in nemi wani wuri, kuma ta san duk masu makarantun garin nan.

Ina son aikin nan. Ba zan yi ƙarya ba. Ina son yarana talatin da hancinsu mai yoyo, kuma da albashin nan nake tura wa innata kuɗin taki. Takardar sakandare kawai gare ni, ba a rububina. Jiya har na zauna a gaban abin na gwada waƙar, ta fito tsaf, haƙora tara lafiya lau kamar ba abin da ya taɓa samunsu. Mutumin Augie zai ji ya ce masha Allah. Watakila shi ma akwai wata yarinya a makarantarsa da ta yi subul da baka ta ce ta iya kaɗan, wadda za a zaunar a gaban iyaye bayan sati biyu.

A Argungu ban san abin da waƙata za ta jawo ba. Wannan karon na sani.

Don haka ranar Asabar zan je. Zan sa atamfata mai kyau, in gaida baƙo, in zauna kamar yadda aka ce. Sannan in kai hannu can ƙarshen hagu in fara daga haƙorin farko, ɗaya bayan ɗaya, wanda ya nutse in bar shi a nutse kowa ya gani, har in kai na ƙarshe. In Kawu ya kawo hannu zai sauke murfi, gwiwar hannuna na nan a tokare. Idan na gama zan gaya wa mutumin abin da tsohuwa ta gaya mana, har gwiwa, kwana uku, in ƙara masa da labarin galan ɗin mai. In bayan haka yana son katako, ga katako nan, na ƙwarai ne, ya saya ya yi kabad. Takarduna kuwa na riga na kai an yi musu hoto kwafi biyar, suna cikin jakata, Litinin da sassafe zan fara zagaye.